Wa Ya Aikata? Wasan Binciken Kisa a Hannun 'Yan Wasan Daɓe na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo na Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan jigogin da marubutanmu suka fi ɗauka, kamar auren dole da zaman kishi da shaye-shaye da illar jahilci. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne nau'o'in wasan da suka zo har ƙofar gida suka yi sallama, amma ba a shimfiɗa musu tabarma ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne wasan binciken kisa, wato wasan da ake ginawa a kan kisan kai guda ɗaya, a ɗaki ɗaya, tsakanin mutane 'yan kaɗan, sannan a kawo jami'in ɗan sanda ya bi sawu har ya cafke mai laifi. A Ingila irin wannan wasa ya daɗe cikin abubuwan da ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka da unguwanni suka fi so, wato mutanen da ke wasa don sha'awa bayan sun tashi daga aiki. Mu ma muna da irin waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda ake kira 'yan wasan daɓe, kuma wasanninmu cike suke da laifi da ɗan sanda da kotu. To, me ya hana su haɗuwa?

Tambayar ta same ni ne a unguwar Kwamba ta garin Suleja, inda aikin koyarwa ya sa na kama haya, iyalina kuwa suna can gida. Duk wanda ya taɓa zaman gwauranci ya san nisan da ke tsakanin la'asar da isha'i. Wasu samarin unguwa, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da wani tela, suka ji labarin malamin Hausa ne, suka roƙe ni in duba musu Hausar wani wasa da suka juyo daga Turanci. Abin da na gani a wurinsu shi ya mayar da ni ga tarihi. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗan kallo Bahaushe ya saba da sanin mai laifi tun farkon wasa, abin da yake zaman jira shi ne hukunci, kuma wannan sabo yana da dalilai da za a iya bin diddiginsu.

2.0 Inda Wasan Ya Fito

Wasan da ya fi shahara a wannan fage shi ne The Mousetrap, wato Tarkon Ɓera, na Agata Kiristi. Asalinsa gajeren wasan rediyo ne da BBC ta watsa a 1947, daga baya marubuciyar ta faɗaɗa shi, aka buɗe shi a Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1952. Daga ranar ba a daina nuna shi ba sai a watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa, aka kuma ci gaba a watan Mayu na 2021. A 2012 ne aka yi nuni na 25,000. 'Yan wasa takwas ne, fage kuma ɗaya tak: falon wani gidan saukar baƙi wanda dusar ƙanƙara ta datse hanyar zuwa gare shi, an yanke wayar tarho, kuma an tabbata makashin yana cikin mazauna gidan. A ƙarshen kowane nuni akan roƙi 'yan kallo su riƙe sirrin wanda ya aikata. Ni ma ba zan karya wannan alkawari a nan ba.

Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ba a ɓoye mai laifi a cikinsa. A wasan Rope na Patrick Hamilton, na 1929, samari biyu sun kashe abokinsu sun saka gawar a akwati, suka gayyaci baƙi suka jera musu abinci a kan akwatin, 'yan kallo kuwa sun san abin da ke ciki. Haka nan a Dial M for Murder na Frederick Knott, wanda aka fara nunawa a 1952, aka kuma mayar da shi fim a 1954. A nan wani tsohon ɗan wasan tanis ne ya shirya kashe matarsa mai dukiya. Ya tilasta wa wani tsohon abokin karatunsa aikin, ya ɓoye masa makulli a ƙarƙashin kafet ɗin matakala, shi kuwa ya fita ya bugo waya daga wani wuri domin matar ta taso daga ɗakin barci ta juya wa makashin baya. Sai reshe ya juye da mujiya, matar ta caka wa mutumin almakashi ya mutu. Mijin ya sake shiri nan take, ya ɗora mata kisan ganganci, aka yanke mata hukuncin kisa. Makullin nan ne daga ƙarshe wani sufeto ya ɗana masa tarko da shi.

Ke nan a nau'i na farko abin da ke riƙe ɗan kallo shi ne rashin sani, a na biyu kuwa sani ne yake hana shi sakat. Dukkansu biyu sun yi wa ƙungiyoyin sa-kai daɗin sha'ani, domin ba su bukatar sauya fage ko tufafin sarauta ko taron jama'a. Kujeru da tebur da ƙofa mai aiki sun wadatar.

3.0 Laifi da Hukunci a Dandamalin Hausa

Kafin zuwan boko Bahaushe yana da wasanninsa na kwaikwayo, irin su tashe a watan azumi, da wasan gauta na fada, da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona. Na ƙarshen nan shi ya fi shafar batunmu. A kalankuwa samari kan naɗa wa junansu muƙamai, a sami sarki da alƙali da 'yan doka, a kamo mutum bisa wani laifi na raha, a gurfanar da shi, a ci shi tara. Abin lura shi ne ba a ɓata lokaci wajen neman wanda ya yi laifin. Kowa ya gani da idonsa. Daɗin wasan yana cikin yadda mai laifi zai kare kansa da yadda alƙali zai ɗaure shi da jijiyoyin jikinsa.

Da wasan zamani ya shigo, ta makaranta ya shigo, kuma malamai da ɗalibai ne suka riƙe shi, ba don kuɗi ba. A cikin shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays domin amfanin makarantu. Malam Aminu Kano ya fara tsara wasanninsa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma ci gaba da sa ɗalibai wasa bayan ya zama malami a Midil ta Bauci. Sunan ɗaya daga cikin wasannin nasa ma ya ishi mai nazari: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Wasa ne a kan zamba, amma tun daga suna an faɗa wa ɗan kallo za a yi cuta, an faɗi inda za a yi ta. Malam Aminu bai nufi a yi ta hasashen wane ne macuci ba. So yake talaka ya ga yadda ake cutar, ya gane ta idan ta zo masa gobe. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a shekarun 1940, shi ma gargaɗi ne a kan tsafta da amfanin ilimi.

Wannan manufa ta gargaɗi ita ta bi jinin wasannin da aka buga daga baya. Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka faro daga rediyo a Kaduna, ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Babu mai karanta Jatau Na Kyallu da zai yi shakkar inda auren Jatau da Kyallu zai kai shi, tun da an gargaɗe shi a gaban kowa ya toshe kunne. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, na 1968, zaluncin Hayatu ga matarsa Halima a fili yake, kuma gaban alƙali maganar ta ƙare. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, mutumin da ya hure wa 'yar makaranta kunne sunansa Alhaji Ruwan-Ido. A nan ya kamata a ɗan tsaya. Marubucin da ya raɗa wa ɗan wasansa Ruwan-Ido ya riga ya yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Marubucin wasan binciken kisa kuwa babban aikinsa shi ne ya ba makashi suna da fuska da lafazi irin na kowa, har ma ya fi kowa kama da mutumin kirki. Hanyoyin nan biyu sun yi hannun riga tun daga jerin sunayen 'yan wasa.

Ko masu fassara ma ba nan suka fuskanta ba. Fassarorin da suka yi fice su ne Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya a 1971 da Matsolon Attajiri na Ɗahiru Idris a 1981, dukkansu daga Shekisfiya, sai Mutanen Kogo na Ahmed Sabir a 1976, daga Taufiƙul Hakim na Masar. Ba mamaki Matsolon Attajiri ya karɓu, domin ƙololuwarsa zaman kotu ne.

3.1 Kotun da Ɗan Kallo Ya Sani

A tawa fahimtar, ba za a gane wannan al'amari sosai ba sai an dubi irin shari'ar da jama'a suka tashi suka tarar. Alƙalan ƙasar Hausa da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. A wannan tsari gaskiya tana fitowa ne ta bakin mutane: iƙirarin mai laifi, ko shaidar adilai, ko rantsuwa. Kawo shaida yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Hatta a shari'ar kisa, idan babu cikakkun shaidu amma akwai alama mai ƙarfi, alal misali wanda aka sara ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, to waliyyan jini kan yi rantsuwa hamsin, wadda ake kira ƙasama. Duk wannan a bainar jama'a ake yi, da baki, gaban mutumin da aka san iliminsa da gidansu.

Wasan Ingila kuwa a kan wani mutum dabam ya dogara, wato sufeton da ke tattara ƙananan alamu shi kaɗai, tokar sigari ko sawun takalmi ko makulli, ya auna su a ransa, ya fito da gaskiyar da babu wanda ya shaida. Kafin ɗan kallo ya ji daɗin wannan, sai ya yarda cewa ɗan sanda shi ne mafi hankali da amana a ɗakin. Talakan Arewa na zamanin En'e dogari ya sani da ɗan doka, kuma aikinsu a idonsa kamu ne da karɓar haraji da tsaron fada. Sai a 1960 dokar Final Kod ta fara aiki, a ƙarshen shekarun 1960 kuma aka shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Saboda haka a dandamalinmu mai kaki ya fi fitowa a matsayin abin tsoro ko abin dariya. Samanja na marigayi Usman Baba Pategi soja ne ba ɗan sanda ba, amma shi ne mai kakin da jama'a suka fi ƙauna, kuma don barkwancinsa da gurɓatacciyar Hausarsa ta bariki aka ƙaunace shi. Da talabijin ta so yin wasan laifi a Kano, kotu ta kafa, aka sami Kuliya Manta Sabo.

Ba ina cewa Bahaushe ba ya son labarin fargaba ba ne. 'Yan boko sun sha karanta James Hadley Chase, kuma a 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda ke cike da miyagu da makirci. Amma littafi mutum ɗaya ke karanta shi a ɗakinsa. Dandamali na taro ne.

3.2 Ƙungiyoyin Daɓe

Taron nan kuwa na 'yan unguwa ne. Ƙungiyoyin da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1970, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, samari ne masu sana'o'insu suke haɗuwa da yamma. Galibi ba a rubuta musu kowace kalma, akan tsara labari ne kowa ya cike nasa gurbi da bakinsa. Haka Janet Beik ta tarar a Jamhuriyar Nijar, kamar yadda ta bayyana a littafinta na 1987 a kan ƙungiyoyin wasan Hausa na can. Wannan salo yana haifar da raha da karin magana masu rai, sai dai wasan binciken kisa ba ya jure masa. Kalma ɗaya da ɗan wasa zai ƙara don ya ba da dariya tana iya tona abin da aka tanada sai fitowa ta ƙarshe. Daɗin daɗawa, wane sirri ne zai ɓoyu a unguwar da yara ke leƙen gwaji ta taga, kuma mai fitowa a makashi ƙanen mai shagon bakin layi ne?

A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya, wanda labarinsa dabam yake da na littafin da aka ambata. Daga nan hankalin 'yan daɓe ya koma kan kamara, dandamali ya zama na makarantu da ranakun buki.

4.0 Abin da Ya Faru a Kwamba

Suleja gari ne da ya dace da irin wannan gwaji. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa shi bayan jihadi ya fitar da Sarki Makau daga Zariya. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828, aka kira shi Abuja. Bayan dokar 1976 da ta samar da sabon babban birnin tarayya, aka ba birnin wannan suna, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka cika unguwanni irin su Kwamba. Don haka 'yan kallon da suka taru a zauren makarantar da aka ara mana sun haɗa da Hausawa da Gbagyi da Koro da Nufawa da wasunsu, Hausa ce ta haɗa su.

Samarin sun fara sha'awar Tarkon Ɓera ne, suka bar shi da kansu saboda dalilin da na faɗa a sama. Suka koma ga wasan Knott. Na gaya musu tun farko cewa marubucin ya rasu ne a 2002, haƙƙin mallakar wasansa yana nan, kuma rashin karɓar kuɗin ƙofa ba ya kawar da wajabcin neman izini ga duk ƙungiyar da za ta fita da shi fili. Suka ce sun ji.

Gardamarmu ta farko a kan suna ce. Sun so su ba mijin suna mai tona asiri irin na Alhaji Ruwan-Ido, na roƙe su su ba shi sunan yanka kawai, suka yarda da ƙyar. Ta biyu a kan waya ce. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, ba mai tasowa daga gado ya tafi falo don amsa kira. Telan nan ne ya warware mana: ya ce a bar wayar matar tana caji a falo, tun da sai dare ake kawo wuta, kuma mijin ya san a nan take barinta. Makulli kuwa aka ɗauke shi daga ƙarƙashin kafet aka sa ƙarƙashin randar ruwa a bakin ƙofa, inda rabin 'yan kallon ke ajiye nasu.

Sauyin da ya fi nauyi shi ne na matar. A wasan asali tana da wani masoyi a waje, kuma wasiƙarsa ce mijin ya yi amfani da ita ya nuna tana da dalilin kisa. Samarin suka ce idan aka bar wannan, ba mai tausaya mata a Kwamba, wasu ma za su ce ita ta jawo. Suka mayar da masoyin yayanta, wasiƙar kuma ta zama takardar bashi. An yi hasara a nan, domin mijin da kishi da kwaɗayi suka haɗu a zuciyarsa ya fi wanda kwaɗayi kaɗai ke ja zurfi. Amma an sami wani abu a madadinsa. 'Yan kallo sun san miji yana gadon rabin dukiyar matar da ba ta bar ɗa ba, sun kuma san wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. Ba sai an yi musu bayanin abin da yake nema da abin da zai rasa ba.

A daren farko zauren bai yi shiru ba ko kaɗan. Da matar ta nufi waya, mata suka yi ta yi mata ihu kada ta juya baya. Da mijin ya fara shirya ƙarya gaban sufeto, aka yi ta jefa masa Allah ya isa. Wuri ɗaya ne kawai na ji an ɗauke wuta: inda ya dawo gida, makullin hannunsa ya ƙi buɗe ƙofa, ya juya zai tafi, ya tsaya, ya yi tunani, sannan ya sunkuya ya ɗaga randa. Duk wanda ke zauren ya gane cewa ba mai neman makulli a nan sai wanda ya ajiye wa makashi shi. Ya buɗe ƙofa ya tarar da sufeto zaune. Aka ja labule.

Ba wanda ya tashi. Can sai wani dattijo da ke sahun gaba ya waiwayo gare ni ya ce, "Malam, to ina alƙali? Yarinyar nan da aka yanke wa hukunci bisa ƙarya, wa ya wanke ta?" Na ce masa ai sufeto ya gano gaskiya. Ya ce sufeto kamawa yake yi, ba ya wankewa.

Washegari na tarar samarin sun ƙara fitowa guda, ba tare da rubuta ko kalma ɗaya ba. Sun aro buzu da rawani, telan ya zama alƙali, wani ɗalibi ya zama muhuti. Na nuna rashin amincewata, na ce musu wasan a bakin ƙofa ya ƙare, duk abin da aka ƙara bayan nan zai kashe masa kaifi. Shugabansu ya rusuna ya ce, "A gafarce mu, Malam, a can ne ya ƙare a bakin ƙofa." Har yanzu ina ganin ta fuskar tsari ni ke da gaskiya, domin zaman kotun ya ja lokaci, alƙalin kuma ya kasa haƙuri da ba da dariya. Amma a daren na biyu sai da aka aro benci daga makwabta, alhali babu wanda ya shigo bai san yadda labarin zai ƙare ba. Da alƙali ya sa aka kawo randar gabansa, ya umurci mijin ya nuna wa kotu inda ya ajiye makulli, sannan ya kira matar da sunanta ya ce ba ta da laifi, dattijon nan na jiya ne ya fara miƙewa ya ɗauki sandarsa.